Ranar da Gwaggo Ta Musanya Muryar Babanmu da Robobin Wanki

Muddin ina da rai da hankalina, ranar da Gwaggo ta musanya sabata, wata kwamfuta tawa, da robobin wanki ba za ta fita daga kaina ba. Shekaru sun wuce, amma har yau in na ji mai kura yana kiran "gwangwan" a layinmu, sai na leƙa ɗaki tukuna hankalina yake kwanciya.

Sana'ata sayar da kwamfutoci 'yan gwanjo a Lafia. In wani ofis zai sauya kayansa ni ake kira, in kwashe tsofaffin, in gyara masu gyaruwa in sayar. Tarkacen da ba mai so kuwa nake tarawa a wani ɗan ɗaki a gidana na Akurba, kuma da su na haɗa saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai tana raba wa sauran na'urorin gida. Akwatinta duk tsatsa, ba murfi, fankar ma da wayar ƙarfe na ɗaure ta. Na ja wayoyi zuwa wata tsohuwar rauta mai raba intanet, a nan nake gwada kaya kafin in kai shago. Duk wanda ya leƙa sai ya ce bola ce. Ni kuwa hakan daɗi yake min, don ko ɓarawo ba zai yi mata kallo biyu ba.

A cikin bolar nan muryar marigayi babanmu take. Tun ina saurayi na ɗauke shi a kaset yana ba da labarin yadda kakanninmu suka taso daga Barno, da yadda shi kansa ya yi fataucin gishirin Keana a kan keke. Damina ta fara cin kaset-kaset ɗin, na yi maza na juye su a saba, daga baya suka lalace gaba ɗaya. Na sa faifan ajiya biyu a ciki, duk abin da ya shiga ɗaya sai ya shiga ɗayan. Ina ji da wannan dabarar tawa sosai a lokacin.

Da matata ta haihu, Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta zo suna. Tun a waya ta ce min, "Ɗan nan, ba jaririn kaɗai zai kawo ni ba. An ce kana da muryar Yaya a inji, sai na ji shi kafin in koma."

Ana gobe suna aka buƙaci ɗakin nan don baƙi. Na cire wayoyin, na fito da saba na jingine ta a baranda, na wuce kasuwa neman rago. Na dawo bayan azahar na tarar da baranda an share ta fes, ga sababbin robobin wanki an jera, ga Gwaggo tana murmushi.

"Na raba ka da shirgi," in ji ta. "Gidan suna guda, mutane su zo su tarar da ƙarafa kamar garejin makanike? Mai gwangwan ya zo wucewa, sai da na matsa masa ya ƙara min ƙaramar."

Igiyar ragon ta suɓuce daga hannuna. Na kasa gaya mata abin da ta bayar. Tsohuwa ce mai hawan jini, kuma abin da ya taso ta daga gida shi ne ta miƙa da hannunta.

Maƙwabciyarmu, wata 'yar Tibi mai sayar da doya, ita ta cece ni. Ta ga na fito a rikice ta ce, "Oga, lafiya? Mai kuran nan? Na san shi, can unguwar Bukan Sidi yana kai kaya, bayan injin markaɗe. Yi sauri fa, suna fasawa nan take."

Ban san yadda mashin ya kai ni ba. Tun daga bakin titi nake jin ƙarar guduma. A wurin 'yan gwangwan ba ruwan kowa da abin da na'ura ke yi. Tagulla gefe, alminiyam gefe, ƙarfe gefe, sai sikeli. Na hango akwatina an take shi ya zama kamar faranti. Can cikin tarin alminiyam na tsinci faifai ɗaya, an raba shi biyu an cire maganaɗisun cikinsa. A nan na gane dabarata ba dabara ba ce. Na yi ajiya biyu, amma a akwati ɗaya.

Ƙa'idar kasuwa ita ce kada ka nuna wa mai kaya ka matsu. Da ita na gina shagona. Ran nan na ajiye ta, na je gaban mai wurin, wani dattijo mai haƙorin Makka, na gaya masa komai.

Ya tsayar da masu guduma. "Kai, ɗan'uwan wannan fa? Wa ya ɗauka?"

Aka birkita tarin nan kaf, babu. Mai kurar ya rantse biyu ya gani. Ina shirin haƙura sai mai awo ya sosa kai ya ce, "Alhaji, wani mai nauyi haka kamar sabulu? Ai sikelin ne ke rawa, na tokare ƙafarsa da shi."

Muka ɗaga sikelin. Ga shi nan ya sha ƙasa, ya ɗan kurje, amma bai fashe ba. Na sa hannu a aljihu, dattijon ya riƙe min hannu. "Tafi, Malam. Mu ƙarfe muke saye, ba mu sayi muryar uban wani ba."

A gida na goge masa ƙura na jona shi a wata kwamfutar, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Ya yi wata 'yar ƙara, ya yi shiru, can sai ya fara juyawa. Kafin in taɓa komai sai da na kwafe shi a wani faifan. Sannan na kira Gwaggo, na kunna.

Babanmu ya yi gyaran muryar nan tasa, ya yi bismilla. Gwaggo ta toshe baki da gefen mayafi. "Yaya," ta ce a hankali, kamar yana zaune a ɗakin. Sai da aka gama, ta share ido, sannan na nuna mata faifan na faɗa mata inda ya je yawo.

Ta daɗe tana kallonsa. "A cikin shirgin nan ka ajiye min ɗan'uwa? Kai ma dai, ɗan nan. Ai sai ka faɗa wa mutane!" Sai ta ƙara da cewa, "Robobin dai ba zan mayar ba."

Gaskiyarta. Abin da na koya ke nan: duk abin da kake ji da shi, ka sanar da mutanen gidanka darajarsa, kuma kada ka tara ajiyarka a wuri guda. Yanzu sabata tana da murfi da fenti, kowa a gidan ya san abin da ke cikinta. Muryar babanmu kuma tana gidajen duk 'yan'uwana, har da wayar Gwaggo, wadda ko jikokinta ba ta bari su taɓa.