Taswira da 'Yarsa

A unguwarsu ba mai kiransa da sunan yanka. Tun yana sakandare aka laƙaba masa Taswira, domin in ka ba shi gawayi da bango zai zana maka nahiyar Afirka, ya ja mata koguna, ya ɗiga babban birnin kowace ƙasa a mazauninsa. Ubansu ya rasu da wuri, ya bar su su uku: babban wansu mai walda, shi Taswira, da ƙanwarsu. Ranar da ya gama makaranta, wan ya ɗage baƙin tabaraunsa ya dube shi ya ce, "Kai ba za ka taɓa ƙarfe ba. Idona da na ƙona ya ishe mu. Jarrabawar shiga aikin gwamnati za ka zauna, ka fitar da gidan nan kunya."

Jarrabawar nan sau ɗaya ake yin ta a shekara. Dubbai ke zama, 'yan ƙalilan ake ɗauka. Rabinta lissafi da rubutu ne, rabi kuma sanin duniya: wane kogi ya fi tsawo, wane dutse ya fi tsayi, ina Kotun Duniya take zama, me ya raba aikin majalisa da na alƙalai. Aka share masa ɗakin ajiyar da ke bayan shagon walda, aka sa tebur da kujera. Nan yake wuni, ya toshe kunnuwa da auduga saboda ƙarar injin yankan ƙarfe, yana haddace duniya. Ƙanwarsa ke kai masa abinci, ta ajiye a bakin ƙofa ta juya ba ta ce uffan ba, don an hana kowa yi masa magana.

Zaman farko lissafi ya kayar da shi. Na biyu zazzaɓi ya kwantar da shi. A na uku ya haye rubutacciyar, aka kira shi ganawa. Ya ari kwat, ya shiga wani dogon ɗaki inda mutane ke zaune bayan tebur, fanka na juyawa a kansu kamar ba ta so. Duk abin da suka jefo ya cafke. Can sai wata dattijuwa a cikinsu ta cire tabarau ta ce, "To, ɗana, me ya sa kake son aikin nan?"

Ya lalubi kansa kaf, ya tarar da tsibirai da tekuna da shekarun kafa hukumomi, amma amsar wannan ba ta ciki. Da ƙyar ya ce, "Yayana ne ya ce." Wani a cikinsu ya yi murmushi. Da sakamako ya fito, sunansa ba ya ciki.

Shekararsa ta ƙarshe kafin ya wuce shekarun da aka ƙayyade, aka soke jarrabawar baki ɗaya, wai tambayoyin sun fita kasuwa. Kafin a sake sa rana, ya tsufa a wurinsu. Ya je ya gaya wa wansa a shago. Wan ya ce, "Allah bai yi ba," ya sauke tabarau ya ci gaba da aiki. Da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi.

Daga nan ya sami koyarwa a wata makarantar share fagen jarrabawa, a saman wani kantin magani. Ɗaki ne guda, benci-benci da allo, ga warin magani yana hawowa ta matakala. Ya iya koyarwa, wannan ba a musu. Ɗalibansa suna ci suna tafiya, shi yana nan da alli a hannu. Ya auri wata mai ɗinki, mace mai fara'a da saurin magana, suka haifi 'ya ɗaya tal. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka shi Uwata yake kiranta, uwar kuma tana ce mata Ummi.

Yarinyar ba ta gama iya magana ba ya fara. In an zuba abinci sai ya dafe kwanon.

"Uwata, babban birnin Ostireliya?"

"Sidini."

"Kanbera. Maimaita."

Sai ta maimaita, sannan ya saki kwanon. Matar ta kan ɗago daga kan keken ɗinki ta ce, "Malam, yarinya ce fa, ba rediyo ba. Bar ta ta ci."

"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Wani kuma a garin tanƙwarawa ake karya shi."

Ummi tana son zama gindin keken uwarta, tana tsince ƙyallaye tana harhaɗa su. Ranar da ya dawo ya same ta tana taka keken, ya hana ta ko matsawa kusa da shi. Ba dukanta yake ba, ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Son ta yake, son da ya fi ƙarfinsa. Amma duk sa'ad da ya dube ta, ƙofar nan da aka rufe masa yake gani, sai ya ji kamar lokaci na ƙure musu su biyu. Ita kuwa ta girma shiru-shiru, ga ƙwaƙwalwa kamar tarko. Ta gama jami'a, ta dawo gida, ta fara shirin jarrabawar.

A shekarar ne ciwo ya kama uwar. Da farko tari ne, daga baya aka kwantar da ita a asibiti. Taswira ya ce wa 'yar, "Ke dai ki riƙe karatunki, jinya tawa ce." Kullum ya dawo sai ya ce an sami sauƙi, alhali likita ya riga ya ja shi gefe ya gaya masa gaskiya. Da jarrabawa ta matso, ya tura ta garin da za a zauna, wurin ƙanwarsa da ke aure can, wai ta saba da wurin. Ta biya asibiti ta yi sallama a tsaitsaye. Uwar ta riƙe mata hannu ta ce, "Je ki, Ummi, ki yi wa babanki abin da yake so, ki dawo mu huta."

Ana gobe jarrabawa, da hantsi, matar ta cika.

Wansa ya same shi a barandar asibitin ya ce, "Kira yarinyar nan."

"Yaya, gobe ne fa. In ta ji, shi ke nan, sai wata shekara. Ni na san abin da wata shekara take nufi."

"Uwarta ce."

"Ai kai ka ce a fitar da gidan nan kunya."

Wan ya dube shi da jajayen idanunsa ya ce, "Ni jarrabawa na ce ka zauna. Ban ce ka binne mata uwa a ɓoye ba."

Taswira bai ji ba. Ya kira ƙanwarsa ya roƙe ta ta riƙe bakinta, ta kuma karɓe wayar Ummi da sunan kada a dame ta. Aka yi jana'iza da la'asar. Washegari da safe, kafin ta shiga ɗakin jarrabawa, Ummi ta ari wayar gwaggon tata ta kira shi, ta ce a ba ta mamanta ta sa mata albarka. Ya ce, "Tana barci, Uwata. Ta ce Allah ya ba da sa'a." Muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

Da ta dawo ta tarar da tabarmi a ƙofar gida da takalman mata cike da zaure. Ta ratsa su ta shiga ɗaki, ta ga an lulluɓe keken ɗinki da zane. Ya biyo ta ya tsaya a bakin ƙofa.

"Yaushe?" ta ce.

"Shekaranjiya."

"Jiya da safe ka ce mini tana barci."

Ba ta yi kuka a gabansa ba, sai da ya fita ya jiyo ta.

Ta ci jarrabawar, ci mai kyau, ta haye ganawa ma. Unguwa ta yi ta zuwa taya murna, ana cewa haƙurin Taswira ya biya. Da aka ba ta zaɓin wurin aiki, ta zaɓi gari mafi nisa. Keken uwarta kaɗai ta ɗauka daga gidan. Ba ta yanke zumunci ba. Tana kira ta gaishe shi, ta tambayi lafiyarsa, ta ce sai an jima.

Bayan wasu shekaru makarantar saman kantin ta rufe, don yara sun koma karatu a waya. Taswira ya ga ba shi da abin yi, ya shirya ya hau mota ya tafi wurinta. A hanya suka haye wani babban kogi da ya yi shekaru yana koyar da tsawonsa da inda ya faro. Ranar ya fara ganinsa da ido. Ruwan ja ne, ya janye, mata na wanki a bakinsa.

Ta tarbe shi da ladabi, ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Sannu da hanya, Baba." Ta kawo ruwa da abinci ta zauna can gefe. Sai ya kama ba ta labarin garin da take zaune: yawan mutanensa, abin da ake nomawa, shekarar da aka kafa ma'aikatarsu. Ta bar shi ya gama.

"Baba," ta ce, "tun da nake, ba ka taɓa yi mini tambayar da ba ka san amsarta ba."

Ya ajiye cokali. Sannan ya ce, "Kina jin daɗin aikin?"

"Ina yi dai."

"Kin yafe mini?"

"Ina ƙoƙari," ta ce. Ta tashi ta kwashe kwanukan.

Kwana ɗaya ya yi ya juyo.

Yanzu wan nasa ya makance, 'ya'yansa ke riƙe da shagon. Kullum da safe Taswira ke jan hannunsa ya kai shi benci a ƙofar shagon, su zauna kafaɗa da kafaɗa, ba sa cika magana. Masu wucewa kan nuna shi su ce ga uban babbar ma'aikaciyar nan, shi kuma ya ɗaga hannu ya amsa. Kwanan baya wani maƙwabci ya zo da 'yarsa, ya roƙe shi ya riƙa yi mata darasi kamar yadda ya yi wa tasa. Taswira ya dubi yarinyar, ya ce a yi masa haƙuri, idonsa ya yi rauni. Wan, wanda ya san ba abin da ya sami idon, ya gyaɗa kai kawai.