Ranar Da Na Shiga Raba Faɗa a Riyad

Ana kiran assalatu muka bar gida, ni da ƙanena. An haɗa ni da shi ne don ya fi ni boko, ya riƙa karanta mana allunan filin jirgi. Ni ilimina na yaƙi da jahilci ne, aji biyu da rabi, saboda haka duk wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a zuciyarsa, kada ya dame ni.

Dalilin tafiyar shi ne ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa. Kun dai san shi, ƙaton nan mai kunnuwa kamar akuya ta tauna ta fasa haɗiyewa. Shekara da shekaru yana cin abinci da wani wasa wai shi rugbi. A Kano ya fara, wani kulob na Faransa ya ɗauke shi, daga nan ya wuce Ingila, har ya sa rigar Najeriya ya je ya kara da ƙasashen Afirka. Duk wannan a bakin mutane na ji. Ranar da zai bar gida ya durƙusa neman albarka, na ce masa ni ba na sa albarka a sana'ar da ban gani da idona ba. Sau uku yana aikowa in je in gani, sau uku ina cewa sai an sauke amfanin gona. Da gwiwa ta fara takura masa, ya bar Turai ya kama aiki a Riyad, yana taɓa wasan a wani ƙaramin kulob na baƙi. Sai ga waya: "Baba, Juma'ar ƙarshen wata zan buga na ƙarshe. Likita ya ce gwiwar ta gama. In ba ka gani ba a wannan karon, shi ke nan." Na ce zan duba. Ina kashe wayar na shiga ɗaki neman fasfo.

Daga Kano muka sauka Jidda, muka sake wani jirgin zuwa Riyad. Abincin jirgi ba zan ce komai a kansa ba, sai dai wanda ya auna shinkafar nan bai taɓa noma ba. Mun sauka muka tarar da sanyi mai ratsa ƙashi. Wanda ya ce muku ƙasar Larabawa zafi ce kullum, a Makka ya tsaya. Yaron ya tarye mu, ya durƙusa, na ce masa ya tashi kada ya fasa musu daɓe.

Titunan Riyad faɗi gare su, amma duk inda ka juya an haƙe tsakiyarsu, wai jirgin ƙasa za a sa ya bi ƙarƙashin gari. Direbobinsu kuwa kowa sauri yake kamar an ce tuwo ya kusa ƙarewa. An sauke mu a unguwar Al-Oud, kusa da kasuwar Batha. Da safe burodin tamis mai zafi da wake da aka dama, da rana kabsa, shinkafa da kaza a faranti ɗaya, a zauna a ƙasa a sa hannu. Nan na yarda mutanen nan sun san girman abinci. A Batha kuwa Hausa ta yi mini yawa: 'yan Maradi, 'yan Damagaram, 'yan Katsina. Sai dai kowa ka gaisa da shi, kafin ya tambayi iyali sai ya ambaci ikama, takardar zamansa, da kafili, Balaraben da ya tsaya masa. An kai mu unguwar Dira muka ga Masmak, tsohuwar ganuwar laka. Irin ginin da muke rushewa mu sa bulo, su sun kewaye shi da fitilu ana zuwa kallo.

Ranar Alhamis ya kai mu wurin aikinsa a Birnin Masana'antu na Biyu, wani babban sito inda yake kula da masu lodi. Ni da na yi shekara talatin ina shugaban 'yan dako a kasuwar Dawanau, na zagaya na duba aikinsu da idon gwani. Mota ce mai ƙaho biyu take ɗaukar kayan, mutum yana zaune a kanta kamar hakimi. Wani Badamagare ya kama hannuna ya ce, "Alhaji, kai ka haifi wannan? Me ka ba shi?" Na ce, "Tuwon dawa da rashin yabo."

Juma'a bayan la'asar muka shiga wata unguwar baƙi mai katanga, a tsakiyarta fili da ciyawa shar. 'Yan wasan akwai Turawa, akwai baƙaƙe, akwai Larabawa, kowa da gajeren wando. Ƙwallon kamar gwanda. Abin da na fara lura da shi, ana so a ci gaba, amma baya ake jefa ƙwallon. Na ce wa ƙanena wanda ya ƙirƙiro wasan nan a gwamnati ya yi aiki.

Ba a jima ba alƙalin wasa ya busa usur. Sai na ga ƙatti takwas sun rungumi juna, wasu takwas sun yi haka, suka sunkuya, suka haɗa kai gam, kamar raguna. Yaron nan shi ne a sahun gaba, lamba uku a bayansa, wuyansa a ƙarƙashin wani jibgegen Bature. Nishi kawai kake ji. Alƙalin kuma yana tsaye yana kallo, jama'a na tafi. To ni a Dawanau, in aka kaure, babba ba ya tsayawa tambayar wa ya fara. Na tattare babbar riga, na ɗaga sanda, na faɗa fili.

"Kai! Kai! Ku ji tsoron Allah! Yau Juma'a ce fa!"

Na kamo wandon wani Bature na ja. Usur ya tashi, tarin ya watse. Yaron ya ɗago, fuska duk ciyawa.

"Baba! Ba faɗa ba ne, aiki ne."

"Wane irin aiki ne ake sa kai a hammatar mutum?"

"Tura su muke yi, Baba. In na saki, bakwai ɗin da ke tare da ni sun zube."

Alƙalin ya nufo mu fuska a ɗaure, sai a lokacin hankalina ya dawo: na zo ganin wasansa na ƙarshe, zan sa a kore mu ni da shi. Yaron ya yi masa Turanci, na dai ji kalmar da na san tana nufin uba. Sai Baturen da na ja wa wando ya fashe da dariya har da zama a ƙasa. Wani Balarabe cikin 'yan wasan ya zo ya sumbaci goshina ya ce, "Halas, ya Hajji, mafi mushkila," wato ba komai. Aka kawo mini kujera bakin layi, ƙanena ya riƙe gefen rigata har aka tashi.

Daga nan na zuba ido. Yaron bai gudu da ƙwallo ko sau ɗaya ba. In aka jefo daga gefe, shi ne zai kama cinyar wani dogo ya ɗaga shi sama ya cafe, ya sauke shi a hankali kamar buhun da ke da ƙwai a ciki. In aka haɗa kai, shi ne turken. Na ga yadda yake kafa ƙafa, ya miƙe gadon baya, ya bar nauyin ya sauka a cinya. Wannan ba Faransa ce ta koya masa ba, a bayana ya gani. Can kusa da tashi suka tura abokan karawar baya, taku ɗaya, biyu, biyar, yana ɗingishi yana turawa, sai wani siriri kamar tsinken tsire ya ɗauki ƙwallon ya faɗa bayan layi, aka ɗauki ihu, ashe cin ke nan. Na fara masifa: wani ya yi dako, wani ya karɓi lada! Ban rufe baki ba sai ga siririn ya dawo da gudu ya ɗafe wuyan yaron, sauran suka rufa masa.

Da aka tashi, kulob biyun suka jeru sahu biyu suna fuskantar juna, suka bar hanya a tsakiya, suna tafi. Ashe haka suke sallamar wanda ya ajiye wasa. Yaron bai shiga ba. Ya ɗingiso har inda nake, ya durƙusa da gwiwar da ta rage masa, ya sunkuyar da kai. Na juya na ce wa ƙanena, "Faɗa wa yaron nan na ga sana'ar."

"Yaya, ga shi a gabanka. Ni allunan filin jirgi aka ce in karanta."

Na ɗora hannu a kansa, jiƙe da gumi. Na ce, "Allah ya yi maka albarka, kai da wannan turereniyar taka." Ya kama hannun nawa, muka bi ta tsakiyar sahun tare. Idona ya kawo ruwa, amma sanyin Riyad ne, kowa ya san yana sa haka.

Ranar Litinin muka sauka Kano lafiya, da dabino da gahawa na rabo. Abin da tafiyar ta koya mini guda biyu ne. Na farko, in ka ga mutane sun haɗa kai suna nishi, ka yi tambaya kafin ka ɗaga sanda. Na biyu, albarka ba hatsi ba ce da za ka ɓoye a rumbu sai ta yi tsada. Saura kaɗan tawa ta isa bayan an tashi kasuwa. 'Yan majalisarmu da ke tambayata ƙwallo nawa ɗana ya ci a Turai, ga amsarku: ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Ku je ku tambayi waɗanda suka ci, a kafaɗar wa suka hau.