Riga Mai Gizo-gizo a Kafaɗa

Ku matso kusa, jikoki, ku ara mini kunnuwanku, in na gama in maido muku. Wagga ba tatsuniya ba ce. Da ƙafata nit taka ta, zamanin Turawa, lokacin yaƙin Barma.

Kakanku yana soja a lokacin. Ba na faɗin sunanshi, amma labari ya tilasta: Garba. Wata Laraba dogarin hakimi yaz zo gidanmu a Wurno da ƙunshi daga Sakkwato. Riga ce ta soja, da saƙon baki cewa Garba Wurno ya rasu can bayan teku. Liman yac ce in shiga takaba.

Surukata, Inna Tumba, ba ta yi hawaye ba. Ɗan farinta ne, kunya ba ta barin uwa ta kama sunan ɗan fari, balle ta yi mishi kuka gaban mutane. Sai da kowa yaf fita tas sa rigar a hanci.

Tac ce, “Ke Hajo, ban ji yaron nan jikinta ba. Akwai wani Saje a Raba da yad dawo da ƙafa ɗaya. Sai ya gani tukuna.”

WURNO ZUWA RABA

Munka tashi da kiran assalatu, munka bi ’yan albasa. Inna bisa jaki, ni a ƙasa da ƙunshin a kai. Rana na tsaka munka sha fura gindin tsamiya. Wani cikin fataken yat tambaya, “Iya, mi kunka ɗauko haka ba nauyi? Ko kayan aure ne?”

Inna tac ce, “Ɗana, ya fi buhunka nauyi.” Da jakinmu yag gaji, nashi yab ba ta.

Munka isa Raba bayan la’asar, munka sauka gidan wata mai tuwo, ƙawar Inna.

RABA

Da hantsi anka kai mu zauren Saje Bawa. Mutum ne siriri, sandarshi jingine inda ƙafar hagu ya kamata ta kasance. Yash shimfiɗa rigar bisa tabarma kamar mai shirin salla.

Yac ce, “Bari in fara ganin ko ta gaskiya ce. Teloli sun iya, yanzu kowane mai farautar zomo Saje ne.”

Yam murza yadin. Yac ce kore ne kamar ganye, irin na cikin kurmi, ba kaki na bariki ba. Yaj juya wuyan, yan nuna muna wani tabon tawada kamar sawun kaza, yac ce shaidar gwamnati ce. Yaj ja ɗinkin aljihu da ƙarfi, bai motsa ba.

“Ta gaskiya ce, Inna. Ta je inda nij je.”

Niz zauna ƙasa. Shi ko bai gama ba. Yad dafa kafaɗar rigar, inda anka ɗinka wani ƙyalle rawaya da baƙin gizo-gizo a tsakiya.

“Yaushe naku yat tafi?”

Inna tac ce, “Bara waccan, bayan an cire albasa.”

“To ai mu masu gizo-gizo mun riga mun tsallaka ruwa a lokacin. ’Yan baya alamarsu daban: mashi biyu gicciye bisa gammo. Naku yana da aska, tsagar gado, a fuska?”

Inna tad dube ni, don ita ba ta siffanta shi. Nic ce, “Ba shi da, Baba.”

Saje yas sake duban rigar. Can yac ce, “Na san mai rigar ga. Tare munka ci wuya. Yaro ne mai askar Gobirawa, mutumin Goronyo, shi ma Garba ne sunanshi. Ubanshi ya hana shi soja, sai yag gudo Wurno anka ɗauke shi nan. Shi ko magatakarda, inda yas same ka, sunan garin yake liƙa maka. Ku ji ni da kyau, ban ce naku yana da rai ba, Allah kaɗai yas sani. Rigar dai ba tashi ba ce.”

Ni da zan iya, da na yi guɗa. Inna tan naɗe rigar a hankali.

Saje yac ce, “Ku maida wa dogari, shi yas san ta.”

Tac ce, “A’a. Dogari ya jefa ta tsakar gida ya juya. Na ga yadda ake yi. Uwa za ta kai wa uwa.”

RABA ZUWA GORONYO

Wanga zango ya fi tsawo, sai da munka kwana hanya. Wata ruga munka faɗa da almuru, wata Bafillatana tab ba mu nono da shimfiɗar kara, tana ce ma Inna goggo. Ni tafiyar ranar ba ta yi mini nisa ba, har waƙa take zuwa mini a baki, ina haɗiyewa. Inna ta lura.

Tac ce, “Yi abarki yanzu, ɗiyata. In mun hango gari ki bari.”

Kashegari munka iso bakin gulbi. Mai fito yaj ji abin da ke tafe da mu, yaƙ ƙi karɓar komi, har jakin yaj ja muna.

GORONYO

Ba mu sha wuyar tambaya ba, kowa ya san gidan da yaro yag gudu soja. Uban ya riga ya rasu. Uwar, Dije, tana surfe munka yi sallama. Tab ba mu ruwa, maƙwabta sunka cika gida don ganin baƙi. Inna ba ta yi gaggawa ba. Sai da anka gaisa, anka tambayi damina, kana tak kwance ƙunshin bisa cinyarta.

Dije ba ta dubi gizo-gizon ba. Hannunta yab bi gefen rigar ta ciki, yat tsaya kan wani ɗan kumburi. Tas sa haƙori tac cize zaren, sai ga laya ƙarama cikin jar fata.

Tac ce, “Ni nir rataya mishi, ranar da anka yaye shi.” Kana tad dubi ƙasa tac ce, “Allah ya ji ƙan Musulmi,” taj jawo taɓaryarta za ta ci gaba da surfe.

Inna tar raɗa mata, “Na fari ne?”

Taɗ ɗaga kai kawai.

Jikoki, nan nig ga abin da ban taɓa gani ba. Inna Tumba, wadda ba ta zubar da ɗigo ɗaya gidanta ba, tar rungume rigar taf fashe da kuka, tana kiran “Garba! Garba!” da ƙarfi har waje. Ita ba ɗanta ba ne, babu kunya kanta. Dije tana tsaye riƙe da taɓarya, leɓenta na bin sunan ba sauti. Da mata sunka ga haka, sunka fita ɗaya bayan ɗaya. Ni nij ja asabari.

Munka zauna har anka yi sadakar uku. Ni nid daka geron.

KOMAWA GIDA

Munka biyo ta Kwargaba, munka shigo Wurno ana kiran magariba. Liman yaj ji bayani, yac ce ba takaba. Mun gode Allah, mun gode ma mai tuwo da Bafillatana da mai fito, ko sunansu ban riƙe ba.

Saje Bawa yaz zama mai gadin kasuwa, a Raba yac cika. Kakanku yad dawo bayan damina biyu, kunne ɗaya ba ya ji, yan nomi albasa har tsufa. Inna ta ga dawowarshi, ba ta ko ɗaga ido ba, sai dai ranar tuwonta ya ƙone. Dije ba ta da kowa, shekara na zagayowa Inna ta aika da jaki anka ɗauko ta, ɗaki guda sunka zauna, makwancinsu ma kusa da juna yake. Da nih haifi mace, sunan Dije anka sa mata. Ita ce uwarku.

Ku karɓi kunnuwanku, ku je ku gaishe ta.