Kabarin Kakata a Gonar Wasu

Ni ta gilashin mota na san duwatsun kudancin Gombe. Akori-kura nake ja, in sauke kaya a Kumo, Billiri, Kaltungo, in juyo. Tasha na sani, da kasuwa, da inda ake sayar da shayi mai kauri. Mahaifina kuwa da ƙafa ya san su, a bayan shanu, tun kafin shanun su ƙare mu tare a unguwar Kagarawal, cikin garin Gombe.

Da ƙafafunsa suka fara kumbura, sai ya kafe a kan magana ɗaya: a kai shi kabarin mahaifiyarsa kafin ya kasa tafiya. Ta rasu ne suna kan hanyar kiwo yana saurayi, suka binne ta a gindin wani dutse gaba da Kaltungo, kashegari suka kora shanu suka wuce. Bai sake komawa ba.

Na ce, "Baba, mene ne sunan garin?"

"Wane gari? Mu a gari muke kwana? Akwai tsamiya, akwai rafi, dutsen yana hannun dama."

"Baba, ƙasar nan duk dutse ce."

"Kai dai ja motarka, ɗan kwalta."

Muka je. Ya gane dutsen, sauran kuwa babu. Inda ya ce burtali ne, makarantar firamare ce. Inda ya ce mashayar shanu, ɗakin shan magani ne da coci. Ya dogara sanda yana ta zagaye, babu tsamiya babu dalilinta. Ƙarshe ya zauna a bakin hanya. Ban taɓa ganin tsohon nan ya rasa hanya ba. Ban ji daɗi ba.

Mutanen wurin a jikin tudu suke noma, suna jera duwatsu layi-layi don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Wata dattijuwa ta sauko daga gonarta da fartanya a kafaɗa.

"Sannunku, Fulani. Saniya ce ta ɓata?"

Na ce, "Ba saniya ba ce, Mama. Uwa ce."

Na ba ta labari. Ta daina dariya, ta ce mu biyo ta. Na riƙo Baba muka hau a hankali, yana haki. Layukan duwatsun duk a miƙe suke, sai ɗaya da ya lanƙwasa ya kewaye wani ɗan fili, ciyawa ta rufe shi.

Ta ce, "Surukina ya ce baƙuwa ce kwance a nan, Bafillatana. Da mutanenta suka tashi, mutanen nan ne suka ɗora mata duwatsu saboda kura. Ba ma sa fartanya a wurin. Tsamiyar kam tuni aka yi turame da ita."

Ni ba na son ƙarya. Na ce, "Baba, ka tabbata ita ce? Ba ku kaɗai kuka bi ta nan ba."

Ya dubi dutsen, ya dubi rafin, ya dubi yadda kabarin ya kwanta. Ya cire takalmansa, ya durƙusa da ƙyar, ya fara cire ciyawar da hannu.

Dattijuwar ta ce, "Bar ta, Baba. Ita ke riƙe mata ƙasar."

Ya saki. Ya dafa dutse ɗaya, ya ce cikin Fulatanci, "Inna, ni ne. Na daɗe."

Ni da matar muka ja da baya, muka bar su.