Bindigar Bahago

Da Baba ya kwanta ciwon ajali a Bagudo, ya ce ni in riƙe maƙera, ƙanena ya ɗauki bindigar kaka. Ni ne babba fa. Maƙera kuwa ai wuta ce da zufa, bindiga ita ce sunan gidanmu. Mai ƙyastu ce, kaka ya sayo ta a hannun fatake ta hanyar Dahome tun kafin Nasara su zauna, kuma babu maharbin da bai san ta ba daga Geza har Kaoje. Na ce to, amma wallahi ban haƙura ba.

Shekarar da za a karɓi mulkin kai, aka ce maharba za su fito su yi harbi a fili. Ƙanena ya kawo mini ita in gyara kunamar da ta saki. Na ce ya ba ni wata guda. Aikin yini ɗaya ne.

A wannan watan na ƙera mata 'yar'uwa. Na sami bututun sitiyarin wata matacciyar mota, na sassaƙa ƙota, na kwaikwayi hatimin Turawan da ke jikin ƙarfen, har tsagewar da kaka ya ɗaure da fatar gada sai da na tsaga na ɗaure. Na rataye ta a hayaƙi, na binne ƙarfen a danshin bakin kogi ya ci tsatsa. Ƙotar tsohuwar tana da wani sheƙi inda kunci ke kwanciya, don haka kullum sai in shafa man kaɗe a fuska in yi ta saiti da sabuwar har ita ma ta yi sheƙi. Na miƙa masa sabuwar, tsohuwar na cusa ta cikin jinkar ɗakina. Ya juya ta a hannu, ya ce, "Yaya, sannu da aiki." Ya tafi.

Ranar taron, sarkin maharba ya zauna kan turmi yana duba bindigogi kafin a ɗura albarushi. Tsoho ne, abokin farautar kaka, idonsa ya fara hazo. Ina tsaye bayan mutane lokacin da ƙanena ya miƙa tasa. Tsohon ya zura ɗan yatsa a bakinta.

"Ta kakanku bakinta ya cinye gefe guda, sandar ɗuri ta goge shi. Wagga ko baki ɗai, kamar sabuwar tukunya."

Ya shafa ƙotar, ya ɗora ta a kafaɗar hagu, sai ya yi dariya.

"Kuma kakanku bahago ne, yaro. Sheƙin wagga ga ɓangaren mai harbi da dama yake. Wa ya cuce ka?"

Wata guda ina kallon tsohuwar, ban taɓa lura da wane gefe sheƙin yake ba, kuncina kawai na bi. Maƙeri ɗaya ne a garin da zai iya wannan aikin, kowa ya san ko wane ne. Na ga kawuna sun fara juyowa.

Ƙanena ya karɓi bindigar ya goge ta da hannun riga.

"Ba wanda ya cuce ni, ranka ya daɗe. Tsohuwar ta gaji, ina tsoron ta fashe. Yayana ya ƙera mini wagga, ita kuwa tana ajiye wurinshi."

Ashe ya sani tun ran da na miƙa masa. Tsohon ya ce ai kuwa maƙerin ya iya. Ƙanena ya ɗura, ya harba, ta yi ƙara fiye da ta kowa, mata suka yi guɗa, ana ta yabon hannuna.

Bai taɓa tambayata tsohuwar ba har ya rasu. Tana nan a ɗakina, ban harba ta ko sau ɗaya ba. Kuma kada ku zaci na huce. Ran taron nan ne na gane abin da Baba ya gani a wurinsa bai gani a wurina ba, kuma wannan ya fi bindigar ci mini rai.