Tsallaken da Na Yi wa Teku

Aikina a Riyad fenti ne, bangon gidajen mutane nake shafawa tun safe har la'asar. Zane kuwa sai ranar Juma'a, a kan guntayen katakon da nake tsintowa a wurin aiki. A ɗakinmu na unguwar Utaiƙa har tsiya ake yi mini, wai na zo ƙasar Larabawa nema na ɓige da zanen kwalekwale. To me zan zana? A bakin kogin Kwara na tashi, wajen Yawuri, ruwa kaɗai hannuna ya sani.

Cikin 'yan ɗakin akwai wani dattijo direba, Baba muke ce masa. Bahaushe ne, amma a bakin teku aka haife shi, wani zango can gaba da Badagiri. Wata rana ya dawo daga asibiti a Shumaisi, ya zauna kusa da ni. Ya ce likita ya gaya masa idon hagu ya tafi, na dama ma yana kan hanya, kafilinsa kuma, wato ubangidansa, har ya karɓe makullin mota. So yake in zana masa ƙauyensu tun yana iya gani, don kafin a gama takardunsa ya isa gida, ƙila duhu ya riga shi.

Gabana ya faɗi. Ni ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama, shi ma barci ya cinye rabi. Amma na ce masa an gama.

Juma'a biyu muka yi, yana faɗa ina zanawa. Baba akwai mita, Allah ya sani. Na tsayar da bishiyoyin kwakwa cak, ya ce wannan ai giginya ce, kwakwar bakin teku a karkace take don iska. Na yi yashi ja, ya ce fari ne. Na yi fari, ya ce ba farin alli ba. Ran nan raina ya ɓaci na miƙa masa buroshin na ce bismilla, ya ƙarasa da kansa. Ya yi ta dariya har da tari. Ina son tsohon nan, shi ya sa faɗan namu bai taɓa kwana ba.

Juma'a ta uku ya tsaya sallama da mutane bayan masallaci, sai na zauna ni kaɗai na yi ruwan. Na shimfiɗa shi yadda ya kwatanta, mai kumfa a baki, mai duhu a ciki. Da na kai sama, hannuna ya ja wani siririn layi kore da 'yan itatuwa, kamar yadda yake yi a kowane zane nawa. Ko tunani ban yi ba. A wurinmu duk ruwan da ka tsaya a bakinsa, kana hango ɗaya gaɓar.

Da ya dawo ya ɗauki katakon ya kai shi dab da hanci, yana bin sa a hankali da idon dama. Ya wuce bukkoki, ya wuce jiragen da ke kife a yashi, yana gyaɗa kai. Sai yatsansa ya tsaya a kan layin, ya tambaye ni mene ne wannan. Na ce tsallake ne mana.

"Teku ba shi da tsallake, ɗana. Ruwa ne har ya haɗu da sama."

Kunya ta kama ni. Mutum ya ba ni amanar ragowar ganinsa, na mayar masa da teku kogi. Na yi maza na dama shuɗi zan shafe, sai ya riƙe mini wuyan hannu.

A nan ya gaya mini abin da bai taɓa gaya wa kowa a ɗakin ba. Yana da ɗa, na fari, wanda ya bi masunta wata safiya, jirginsu bai dawo ba. Ba gawa, ba kabari. Ya ce wata da watanni yana zuwa bakin ruwa yana duba, babu ko tudu ɗaya da zai ce wa zuciyarsa ƙila can suka fita. Da ya gaji ne ya nemi aiki a garin da babu ruwa.

Ya sake kai katakon kusa da ido, ya daɗe a kan koren layin nan. Ni dai hawaye nake, buroshi na ɗiga a kan wandona.

"Bar shi," ya ce. "Ka ɗan sa masa hayaƙi ma, a san da mutane a can."