Ƙibar da Na Saya a Kemis

Malamin makaranta ne ni kafin Abuja ta kira ni. Na shekara tara ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a garinmu, kuma darasin da na fi iyawa shi ne na sinadaran nan da ake kira homon, 'yan aiken da jini ke ɗauka daga wannan gaɓa ya kai wa waccan. Nakan zana ƙoda a allo, in ɗora mata 'yar hula, in ce wa ɗalibai wannan hular ita ke fitar da sinadarin da ke riƙe mutum a tsaye ranar wahala. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya ba ni uzurin jahilci.

Da mulkin farar hula ya dawo, kuɗi suka fara yawo, sai na samu aiki a wata ma'aikatar tarayya, aka ba ni ɗaki biyu da falo a Garki. Na tare da matata, wadda ita ma malama ce a firamare, kuma ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Malam. Matsalata ɗaya, siriri ne ni kamar alli. A Abujar wancan lokaci kuwa tumbi shi ne takardar shaidar cewa ka iso. Daraktanmu yakan tambaye ni a gaban mutane ko wani ne ke cinye mini albashi, a kwashe da dariya, ni ma in taya su, domin dariyar oga wajibi ce. Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta gida. Da na je Sallah, gwaggona ta ja ni gefe ta tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko na je an auna jinina, don ciwon zamanin nan da rama yake farawa.

Ina dawowa na shiga wani kemis a bayan kasuwa. Mai shagon ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ya gane, ya miƙo mini 'yan ƙwayoyi farare ƙanana waɗanda mata ke kira sha-ka-fashe. Na karanta sunan da ke jikin kwalin. Na san ko mene ne, kwaikwayon sinadarin hular ƙoda ne, wanda likita ke bai wa mai asma na 'yan kwanaki yana ƙirgawa. Na sa a aljihu na biya.

Cikin wata huɗu fuskata ta zama faranti, ƙeyata ta yi tozo, ciki ya fito, ƙafafu kuwa suna nan kamar sandunan tsintsiya. A ofis aka yi ta yi mini barka, darakta ya ce yanzu na yi kama da ma'aikacin tarayya. Abin da ba su gani ba shi ne barci ya ƙaurace mini, kuma wata wuta ta zauna a ƙirjina tana jiran dalili. Na fasa faranti saboda gishiri. Na ɓalle ƙofar banɗaki da ƙafa. Wata rana ɗan acaɓa ya gogi motata, na finciko shi daga kan babur na yi ta marinsa har bakinsa ya fashe, sai da masu faci suka riƙe ni. Matata ta ce in je asibiti, na ce mata ni na koyar da abin da likitocin suka karanta.

Ranar wata Asabar da safe tana wanki ta ci karo da kwalin a aljihun kaftanina. Ta zuba ƙwayoyin duka a masai ta kora ruwa, sannan ta zo ta faɗa mini da bakinta, ta ce gara siririn mijinta da wannan baƙon. Ban tuna na yanke shawara ba, amma na tuna komai da ya biyo baya. Na zare bel na fara da bakin ƙarfen. Ta kare fuska da hannu, na kama hannun na murɗe har na ji ya yi ƙas. Na buga kanta da bango sau biyu, jini ya biyo kunnenta na hagu ya sauka a wuyan rigarta. Ba ta yi ihu ba, Malam kawai take ta cewa, kamar tana neman wani a cikin gidan. Maƙwabciyarmu, wata Bagwariya mai sayar da doya, ita ta yi ta dukan ƙofa da taɓarya tana cewa oga zai kashe mutum, har ta shigo ta janye ta zuwa ɗakinta.

Kunya ta sa na rantse ba zan ƙara shan ƙwayar ba, kuma na cika. A nan na yi kuskure na biyu, wanda ɗan aji biyar ba zai yi ba. Rana ta uku amai ya sarƙe ni, na faɗi a falo da rana tsaka. Matata ce ta shigo ɗaukar kayanta ta same ni. Da hannu ɗaya a filasta ta nemo tasi, ta kai ni asibiti, ta gaya wa likita sunan maganin.

Da na farfaɗo, likitan, wanda ba zai girmi ɗalibaina na farko ba, ya koya mini darasina. Ya ce akwai wani ɗan ƙullutu a gindin ƙwaƙwalwa mai aika wa hular ƙoda umarni. Idan ya ga jini cike da sinadarin daga waje sai ya daina aikawa, hular kuma ta kwanta barci, kamar ma'aikatan da aka bai wa ɗan kwangila aikinsu. Ka yanke ƙwayar rana ɗaya, babu mai tashinsu da wuri, jini ya faɗi, mutum ya tafi. Ya ce a hankali ake janye ta. Ya ƙara da cewa maganin yana iya birkita hali, ya kawo zafin rai.

Wannan jimla ta ƙarshe na rungume. Ranar da aka sallame ni na zaunar da matata na yi mata bayani tiryan-tiryan, har da zane a bayan takardar magani, cewa ba ni ba ne, sinadari ne. Ta saurara da kunnen dama, don na hagun bai ƙara ji ba. Da na gama sai ta ce ta yarda, Malam, amma tana da tambaya ɗaya. Wata nawa ina shan wannan magani, sau nawa darakta ya ci mini fuska a gaban jama'a, kuma sau nawa na zare masa bel? Ta ce maganin da ya san oga, ya san ɗan sanda a shingen hanya, bai san kowa ba sai ɗan acaɓa da matar gida, lallai ya yi karatu. Sannan ta nemi takardarta. Na yi jinya wata shida, na aika manya sau uku, ba ta dawo ba.

Ina roƙon masu karatu, maza da mata, kada ku sayi ƙiba a kemis, kuma wanda ya riga ya fara kada ya yanke da kansa, ya je wurin likita. Amma gargaɗina mafi nauyi ga masu ilimi irina ne, domin mu ne muka iya samo wa laifinmu suna mai tsawo. Ƙwayar ta hura wutar, wannan gaskiya ne. Wanda ya zaɓi inda za a kai ta, ni ne.